Ranar da Na Share Wa Kolin Hanyar Ƙwallo

A filin jirgin Faris Alhaji Sambo ya karɓi fasfona, bayan mun fito daga wajen masu duba takardu. Ya ce zai kai wa wani mutuminsa ya buga mini hatimin aiki, in zauna a kan benci kada in motsa. Na zauna, jakata a kan cinya. Azahar ta yi, la'asar ta yi, yunwa ta zo ta gaji ta tafi. Duk mai babbar riga da ya ɓullo daga nesa sai in miƙe tsaye. Yau ga furfura ta cinye mini kai, Alhaji Sambo bai dawo daga wajen mutumin nasa ba.

Sunana Adamu. A Katagum aka haife ni, a Azare na yi wayo, karatuna bai wuce firamare ba. Neman abinci ya kai ni Kano ina saurayi, can na faɗa wani aiki da a garinmu ba wanda ya san da shi, wato ɗaukar jaka a filin golf. Wasa ne na masu hali. Mutum ya bugi 'yar farar ƙwallo da sanda, ya bi ta a ƙafa, ya sake bugu, har ta faɗa rami, sannan a wuce rami na gaba, har goma sha takwas. Mu ne ke saɓa jakar sandunan muna bin su a baya.

Filinmu na Kano a wancan zamani ba shi da ruwan da za a shayar da ciyawa. Saboda haka da'irar da ke kewaye da kowane rami yashi ne aka tankaɗe, aka kwaɓa da baƙin man mota, aka daddaɓe. Duk wanda ya taka sai ya bar sawu. To kafin maigida ya gangara ƙwallonsa zuwa rami, aikin ɗan jaka ne ya share masa hanya. Ka ja wani ƙarfe mai tsumman buhu daga gindin ƙwallo zuwa bakin rami, in ɗan tudu ya rage ka durƙusa ka lallaɓe shi da tafin hannu. Ba alfarma kake yi masa ba, aikinka ne. Ɗan jakar da ya manta, ranar har iyayensa sai sun sha zagi. Na yi shekaru ina wannan, har hannuna ya daina jiran in umarce shi.

Alhaji Sambo yana cikin masu wasa a can. Kullum in na share masa hanya sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Adamu, asararka ake yi a nan. A Turai irinku da mota ake zuwa ɗaukarsu." Maganar ta yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata. Na je gida na sayar da shanun gadona na damƙa masa kuɗin, na bar matata Hajara da goyo a ɗakin haya a Azare, na bi shi. Ba wanda ya tilasta ni.

Wani ɗan ƙasar Mali mai goge daɓe a filin jirgin ne ya lura da ni. Ba na jin harshensa, ba ya jin nawa, amma ya ga na yi sallah a lungu, ya zo ya kama hannuna. Ya kai ni wani dogon gida da 'yan ƙasarsu ke zaune a ciki, inda gado ɗaya na mutum biyu ne, wani ya tashi wani ya kwanta, katifar ba ta taɓa hucewa. A can na koyi cewa marar takardar zama ba ya gudu a titi, ba ya kallon ɗan sanda, ba ya kuma rashin lafiya.

Aikin farko da na samu wankin tukwane ne a wani gidan abinci. Da wata ya ƙare na je wajen mai gidan, ya yi murmushi ya ce in kawo takardata ya biya ni. Ya san ba ni da ita, tun ranar da ya ɗauke ni ya sani. Ya sa aka zuba mini ragowar shinkafa a leda. Na karɓa. Wannan karɓar ta fi rashin biyan ƙona mini rai, amma na cinye tas.

Mutane in sun tambaye ni wahalar Turai, sanyi suke so in ce. Sanyi ana sa masa riga. Abin da ya ci ni shi ne rashin gaisuwa. A Azare daga ƙofar gidanmu zuwa tasha sai bakinka ya gaji, wannan ya tambaye ka gajiya, wancan ya tambaye ka jikin Inna, mai shayi ya ce ka yi ƙiba ko da ka rame. A Faris na taɓa gaida wani dattijo a jirgin ƙasa, ya janye jakarsa ya matse ta a ƙirji.

Ina cikin wannan hali, ina sauke kaya a bayan wata kasuwa, akwatin lemo ya suɓuce ya sauka a kan yatsan ƙafata. Na ce, "Wayyo Inna!"

Sai na ji murya a bayana, da Hausa tsantsa. "Inna tana Najeriya. Ɗauke ƙafarka."

Na juya. Wani ƙato ne cikin jar rigar sanyi, ya jingina da motar kaya yana cin gyaɗa.

"Bahaushe ne kai?" na ce.

"Allah ya sawwaƙe. Ibo ne ni, amma na Azare. Sunana Emeka."

"Azare? Wace unguwa?"

"Bayan tasha. Shagon kayan keke mai koriyar ƙofa, na babana ne."

Na san shagon kamar ɗakina. Na ce, "Babanka ya taɓa sayar mini da tif, ko gari ban fita ba ya fashe."

"Daga ina kake asali?"

"Katagum."

"To ai shi ke nan. Iska ka cika masa irin taku."

Na so in rama, sai hawaye suka riga ni. Na zauna a kan akwatin lemon ina kuka, ƙato da ni, shi kuwa ya tsaya ya tare ni da jikinsa don kada mai kayan ya gani. Ranar ya kai ni ɗakinsa ya tuƙa tuwo, ya kaɗa miyar kuka da kukar da mahaifiyarsa ke aiko masa daga Azare. Gishiri ya yi yawa. Ban taɓa cin abinci irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan.

Emeka yana da takarda, aikinsa tuƙa motar da ke kai taki da yashi garuruwan arewa, can bakin teku. Da ya ji sana'ata ya ce akwai wani filin golf da yake kai wa kaya, kullum suna kukan ƙarancin hannu. Ya sa ni a gaban mota muka tafi.

Shugaban ma'aikatan filin wani tsoho ne mai ɗingishi, Andire, yana jin ɗan Turancin Ingilishi kamar yadda nake ji, muka haɗu a tsakiya. Ya kai ni ya nuna mini da'irar rami ta farko. Ciyawa ce, kore shar, an aske ta ta fi dardumar masallaci laushi. Ban san lokacin da na cire takalmina ba. Andire ya yi dariya har da tari, ya ce in sa abina, ba coci ba ne. Ya ba ni ɗaki a saman rumfar injuna, mai warin fetur, iskar teku tana shigowa ta ƙasan ƙofa. Ya koya mini yankan ciyawar da inji da sassafe, da bi ta da abin daddaɓewa, da bin ramukan yashin da aka haƙa don su kama ƙwallo da manjagara. Duk kafin masu wasa su fito muke gamawa mu ɓace. Ban taɓa tsayawa na ga yadda suke wasansu a kan da'irar ba.

Wata rana sakataren kulob ɗin, wani siririn mutum mai ƙamshin turare, ya kira ni ofishinsa, Andire yana fassara. Ya ce babbar gasar yara tana tafe a ƙarshen bazara, suna bukatar kowane hannu. In aka gama lafiya, kulob zai tsaya mini a ba ni takardar zama. Na fito ina jin ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Da takardar nan zan yi tafiya a titi ban waiga ba. Zan iya zuwa Azare in ga yarinyata in dawo. Ba abin da nake nema a duniya a lokacin sai ita.

Labarin gasar a bakin Andire na ji shi, ranar da muke maida tsofaffin hotuna jikin bango bayan an yi fenti. Ya ce tun yana saurayi aka fara ta. Yaran tsibiran Ingila da Ailan a gefe guda, yaran sauran ƙasashen Turai a ɗaya gefen, duk waɗanda ba su kai sha takwas ba. A farkon shekarun yaran tsibiri ne kullum ke ci, har abin ya gundiri kowa, aka daina yi shekara da shekaru. Daga baya wani mutum ya ba da kofi don tunawa da wani da ya rasu, aka farfaɗo da ita, yaran Turai kuma suka fara ramawa. Kowace shekara wata ƙasa ce ke karɓar baƙi. Yana miƙo mini hoto yana nuna fuskoki da yatsa. Wannan ya zama shahararre, wannan yana sayar da magani, wannan ya mutu a hatsarin mota.

"Nawa ake ba wanda ya ci?" na tambaye shi.

"Ko sisi. Wanda ya taɓa karɓar kuɗi don wasa ma ba a barinsa ya shiga."

"To me suke nema?"

"Suna."

A raina na ce, sai wanda bai san yunwa ba ne zai tsallako teku don suna. Ashe ni ma shi ne zai kayar da ni.

Ana gobe za a fara, ɗaya daga cikin 'yan kulob da suka yi alkawarin ɗaukar wa yaran jaka ya turguɗe, bayansa ya riƙe. Andire ya ce wa sakatare ga Adamu nan, sana'arsa ce tun a ƙasarsu. Emeka ya kawo yashi ranar, na tare shi da murna.

Ya ɓata fuska. "Malam Adamu, marar takarda ba ya shiga hoto. Zauna a bayan injinka har a gama."

"Kwana biyu ne fa kawai."

"Ka ce bayanka kai ma yana ciwo."

Ban ji ba. Hoton nan da yake tsoro shi nake so. Ina so a ɗauke ni cikin farar rigar 'yan jaka, ga teku a baya, in aika Azare a zagaya da shi majalisa majalisa, kowa ya ga Alhaji Sambo bai gama da ni ba.

Yaron da aka haɗa ni da shi sunansa Kolin, ɗan Ailan, jan gashi, fuska duk ɗigo-ɗigo. Sauran yaran jakunkunansu sababbi ne fil, tasa igiyarta ɗinki ne. Babansa direban bas ne, bai samu hutun zuwa ba.

"Yaya sunanka?" ya ce.

"Adamu."

"Adam? Kakanmu duka ke nan. Riƙe jakar da kyau, Kaka, rabin sandunan aro ne."

Tun daga nan Kaka yake kirana, ni kuma in ce jikana, muka shiga wasa kamar a gida. A ramin farko na ga nisan ƙwallonsa, na ce ya buga da ƙarfi, don a yashinmu ƙwallo ba ta gudu. Ya ji maganata, ƙwallon ta wuce rami ta yi gaba abinta kamar an aike ta.

Ya dube ni. "Kaka, daga yau kai ka riƙe tuta, ni in riƙe tunani."

Haka na wuni ranar farko, ina tsaye da tutar rami a hannu, ban kusanci ƙwallonsa ba. Da aka tashi cin abinci, 'yan jaka waje suke zama. Kolin ya fito daga tantin 'yan wasa da faranti, ya zauna kusa da ni a kan ciyawa, yana buɗe burodin ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa. Mai naman alade ya ajiye wa kansa, mai cuku ya miƙo mini. Ban gaya masa ba, ban san inda ya sani ba. Ya tambaye ni ko ina da yara, na ce mace ɗaya, na bar ta a goye. Ya ce ƙanwarsa ma haka take, sai cizo.

Rana ta biyu da yamma aka yi wasan ɗaya da ɗaya. A irin wannan gasa rami rami ake lissafi, wanda ya shigar da ƙwallonsa da ƙarancin bugu shi ya ci ramin. Kolin ya haɗu da wani dogon yaro ɗan Suwidin. Labari yana ta zuwa daga gaba cewa ɓangarorin biyu sun yi kunnen doki, saura nasu. Su ma kunnen doki suke lokacin da muka iso ramin kusa da na ƙarshe. Ramin yana can cikin tuddan yashi, 'yan kallo duk sun ruga ramin ƙarshe su kama wuri. Daga mu sai alƙalin wasa.

Ƙwallon ɗan Suwidin ta faɗa wani zuzzurfan ramin yashi a ɗaya gefen, ta maƙale a wani irin wuri, shi da ɗan jakarsa da alƙali suka sauka suna dubawa, duk sun ba mu baya. Ta Kolin kuwa tana kan da'ira, ba ta fi taku biyu da rami ba. In Kolin ya shigar, ya ci ramin. Ya zagaya bayan rami ya tsuguna yana auna gangaren, sannan ya juya yana goge hannu a wandonsa, don gumi yake yi duk da iskar.

A nan idona ya sauka a kan hanyar ƙwallon. Duk yaran da suka wuce tun safe sun taka wurin, ƙusoshin takalmansu sun tayar da ciyawar ƙanana ƙanana, ɗaya ma daidai bakin rami. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na ajiye tuta, na durƙusa, na sa tafin hannuna daga gindin ƙwallo na bi ina dannawa har bakin rami. Na miƙe ina jin daɗi. Tun da na sauka ƙasar nan, ranar ce na fara yin abin da na tabbata na iya.

"Kaka." Muryarsa ƙasa ƙasa. "Me ka yi?"

"Na share maka hanya."

"Ka danna ciyawar?"

"Sawun takalmi ne. Dubi yanzu, sumul."

Jinin fuskarsa ya tsere, ɗigon nan suka fito ɓaro-ɓaro. Ya ce, "Ba a taɓawa. In ɗan jaka ya taɓa, kamar ni na taɓa. Ramin ya tafi."

Sai da na ɗauki lokaci kafin maganar ta shige ni. Na waiga. Har yanzu bayan alƙali nake gani.

"Ba wanda ya gani," na ce.

"Ni na gani."

"Jikana, saurara. Ba ni da takarda. In suka fara tambayar ko ni wane ne, na shiga uku. Buga abinka mu tafi. Don Allah. Don yarinyar nan da na gaya maka."

Ya fahimta, na ga ya fahimta. Ya tsaya yana kallon ƙwallon. Na rantse a lokacin na ɗauka zai buga. Sai ya ce, "Yi haƙuri, Kaka," ya sunkuya ya ɗauke ƙwallonsa, ya ɗaga hannu ya kira alƙali.

Ramin ƙarshe suka yi canjaras. Kolin ya faɗi da rami ɗaya, kofi ya tafi wajen yaran Turai.

Kafin rana ta faɗi aka taru a gaban kulob don ba da kofin. Wani dattijo mai lambobi a ƙirjin kwat ya yi jawabi. Bai daɗe a kan waɗanda suka ci ba, ya koma kan Kolin. Ya ce tun da aka kafa gasar nan abin da ake so a koya wa yara ke nan, yaro ya kai ƙarar kansa ba wanda ya gan shi. Aka yi ta tafi. Yaran Turai suka ɗaga shi sama, yana kuka suna yi masa waƙa. Ni ina bayan tanti da jakarsa a kafaɗa, ba wanda ya ce in ajiye. Daga inda nake ina jin tambayar tana yawo. Wane ne ɗan jakar? Daga ina aka samo shi? Wani mai rubuta labarai ya tare sakatare yana neman cikakken sunana.

Shekarun baya kaɗan, maƙwabcina a nan Azare, Malam Bitrus, malamin sakandare mai son kallon wasanni a talabijin, ya ce mini ai Turawan sun sauya dokar, yanzu an yarda a gyara sawun takalmi. Ya ɗauka zan yi murna. Na shiga ɗaki ban ci tuwon dare ba.

Washegarin gasar da safe sakatare ya zo rumfar injuna da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Bai dube ni ba, Andire yake kallo. Ya ce kulob bai san ni ba, ban taɓa aiki a nan ba, kafin azahar kada a ga ko takalmina. Andire ya yi ta masifa da harshensu har jijiyar wuyansa ta tashi, ya jefar da hularsa ƙasa. Sakatare ya jira ya gama, ya juya ya tafi.

Ina ɗaure kayana sai ga Kolin a bakin rumfa, motar da za ta kai su tana jira. Idanunsa sun kumbura. Ya ce ya je ya gaya musu ban san dokar ba, laifinsa ne da bai faɗa mini ba. Ya miƙo mini hannu.

Na dubi hannun. Na ci gaba da ɗaure kayana. Ya daɗe a tsaye, direba yana ta danna ham, sannan na ji takunsa yana nisa.

Yaro ne. Abin da aka koya masa ya yi, ni ma abin da aka koya mini na yi. Na sha kwanciya ina juya wannan, wani lokaci in ce da na karɓi hannun, me zai rage ni da shi? Wani lokaci kuma in tuna shi ya koma gidansu da suna, ni na rasa komai, gaskiyar tasa kuma a kaina aka biya kuɗinta. Har yau ban gama yanke wa abin hukunci ba. Amma hannun yaron da ya tsince mini naman alade daga burodi bai kamata in bar shi a miƙe ba.

Andire ya kai ni tashar jirgin ƙasa a tsohuwar motarsa. Ya cire rigar sanyinsa ya sa mini. Ya ce, "Na koya maka yadda ake yanka ta, na manta ban gaya maka yaushe ake barin ta ba." Ya sumbace ni a kumatu biyu irin nasu, ya koma mota yana ɗingishi.

Ban yi mako a Faris ba aka tare ni a bakin tashar jirgin ƙasa aka ce in nuna takarda. Aka kai ni wani gida mai waya a kan katanga, inda ake tara irinmu kafin a samu jirgi. Emeka ya zo ganina da tuwo a kwano. Na yi ta jira ya ce ai na gaya maka. Bai ce ba, sai da na cinye sannan ya ɗauko wata maganar.

"To hoton fa?" ya ce. "A ba ni in kai Azare."

"Ba a ɗauke ni ba."

Ya buɗe baki zai yi dariya, ya fasa, ya tattara kwanonsa.

Jirgi ya zubar da mu a Legas, daga ni sai rigar Andire. A bayan motar shanu da ta sauke kaya na iso Kano, daga can wani direba ɗan Gololo ya ɗauko ni kyauta zuwa Azare. Na tarar da kwaɗo a ƙofar ɗakinmu, wasu ne a ciki yanzu. Maƙwabta suka ce mai gida ya tashe su tuni, yayana Hamidu ya zo ya kwashe su zuwa Katagum.

Da yamma na isa. Hajara ta fito ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙo, idonta a ƙasa. Yarinyar da na bari a goye ta leƙo ta bayan zanin uwarta, ta gan ni, ta ruga cikin gida da ihu. Yaya Hamidu yana zaure da abokansa, suna ware irin albasa a kan tabarma. Ya bari na ci abinci, na yi sallah, sannan ya ce in matso.

"To, Adamu. Sata ka yi?"

"A'a, Yaya."

"Faɗa?"

"A'a."

"Matar wani?"

"Subhanallahi, Yaya."

"To me ka yi wa Turawa suka koro ka?"

Na nemi yadda zan bayyana masa kofi, da yara, da ciyawar da ake aske wa kai kowace safiya. Na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Ƙasa na share da hannuna."

Ya daɗe yana kallona. "Kai? Kai da har Inna ta koma ga Allah ba ta taɓa ganin ka da tsintsiya ba?"

Zauren ya fashe da dariya, wani har yana buga cinya. Yaya bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu bayansa ya jawo fartanya, ya turo ta gabana a kan tabarma.

"Gobe akwai dashe a fadama," ya ce. "A nan ba mai korar ka don ka taɓa ta."

Da asuba na bi shi.